Amsa ga mai tambaya kan ƙin amincewa da ƙirƙirarsa ta allon OLED

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce ka shigar da buƙatar mallakar ƙirƙira a ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, wato USPTO, kan da'irar lantarkin da ke kunna ɗigon hoto (pixel) a allon OLED, wato allon nunin da kowane ɗigonsa ke ba da haskensa da kansa, sai jami'in tantancewa ya aiko maka da wasiƙa yana ƙin dukkan da'awoyinka, wato jimlolin da ke fayyace abin da kake neman mallaka, ya kafa hujja da tsofaffin takardu uku, kana tambaya ko ka haƙura ko kuwa akwai sauran magana. Ni injiniya ne, na daɗe ina zana irin waɗannan da'irori, na kuma zauna da lauyoyi sau da yawa muna tsara amsar irin wannan wasiƙa. Abin da zan faɗa daga aiki na koye shi, amma wanda zai sa hannu a kan amsarka ya kamata ya zama wakili mai rajista a ofishin.

Da farko ka kwantar da hankalinka. Wasiƙar farko mai ƙin amincewa ita ce abin da aka saba gani, musamman a fannin allon nuni, domin fili ne da aka nome shi ƙwarai. Tun 1987 da Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka bayyana OLED mai aiki da ƙaramin ƙarfin lantarki, kamfanoni irin su Samsung Display, LG Display, BOE, Sharp da Semiconductor Energy Laboratory suke ta zuba takardu a ofisoshin duniya. Da wuya ka zana taransista (makunnin lantarki) bakwai da kafasita (ma'ajiyar caji) ɗaya a takarda ba a sami wani zane mai kama da naka ba. Kana da wata uku daga ranar da aka fitar da wasiƙar ka amsa, ana iya tsawaitawa da biyan kuɗi har wata shida, daga nan kuma buƙatar ta mutu idan ba ka amsa ba. Ka rubuta ranar nan inda za ka riƙa ganinta.

Ka duba sashen dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka da jami'in ya ambata, domin maganin kowanne daban ne. Idan sashe na 102 ne, yana cewa takarda ɗaya tak ta ƙunshi duk abin da ke cikin da'awarka, a jere yadda ka jera shi, kuma idan ka nuna abu ɗaya da babu a cikinta, hujjar ta faɗi. Tunda ka ce takardu uku ya haɗa, ina kyautata zaton sashe na 103 ne, wanda ke cewa ko da babu wanda ya taɓa yin abinka, matsakaicin ma'aikaci a wannan fanni zai iya harhaɗa shi daga abin da aka riga aka sani ba tare da wata basira ta musamman ba. Wannan ya fi wuyar sha'ani, kuma ya ƙara wuya tun 2007 da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar KSR da Teleflex, inda ta sassauta wa masu tantancewa hanyar haɗa takardu. Duk da haka dokar ba ta bar jami'i ya haɗa su haka kawai ba, sai ya faɗi dalili mai ma'ana da zai sa ma'aikaci ya yi wannan haɗin, kuma a nan ne yawancin nasara take.

Kafin gardamar fasaha, ka fara da kwanan wata, domin shi ne mafi sauƙi kuma mutane na tsallake shi. Tun 16 ga Maris 2013 Amurka ta koma tsarin wanda ya riga shigarwa, don haka ranar da ake aunawa da ita ita ce ranar shigarwarka ta farko, ko da a wata ƙasa ka fara, muddin ka nemi fifiko cikin wata 12 kamar yadda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Paris kan mallakar ƙirƙira ta tanada. Takardar Japan ko Koriya da ba a shigar a Amurka ba tana zama hujja ne daga ranar da aka wallafa ta, amma buƙatar da aka shigar a Amurka kafin taka tana iya zama hujja ko da bayanka aka wallafa ta. Akwai togiya biyu da suka sha cetonmu: idan wannan buƙatar da ta riga taka da kuma taka duk mallakar mai gida ɗaya ne tun lokacin shigarwa, ana iya fitar da ita daga lissafi, haka kuma idan bayanin daga bakinka ya fito cikin shekara ɗaya kafin ka shigar. Sai dai wannan sassauci na shekara ɗaya babu irinsa a ofishin Turai da ke Munich, inda ƙasidar da ka gabatar da kanka a taron masana allon nuni za ta iya kashe buƙatarka.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Ka karanta takardun nan uku da kanka, daga farko har ƙarshe, kada ka tsaya ga sakin layin da jami'in ya nuna, kada kuma ka bar wa lauya shi kaɗai. Jami'in yana da ƙayyadadden lokaci ga kowane fayil, sau da yawa zane yake kwatantawa da zane. Amma kama da wane ba ta wane. Da'irori biyu na iya zama da taransista bakwai a wuri iri ɗaya, alhali abin da ya raba su yana cikin jadawalin lokaci: wane layi ke buɗewa kafin wane, yaushe ake wanke tsohon caji, yaushe ake adana matakin ƙarfin lantarkin da taransistan tuƙi, mai sarrafa lantarkin da ke zuwa ɗigon hoto, ke fara buɗewa a kansa, yaushe ake barin lantarki ya ratsa zuwa ga abin da ke ba da haske. Injiniyan da ya zana abin ne kaɗai yake ganin wannan da sauri.

Bari in ba ka misali da abin da ya faru da mu. Muna da da'ira ta wani nau'in silikon da ake kira LTPS, inda muka maye gurbin taransistan da ke daidaita matakin buɗewa da wanda aka yi da sinadarin okisayid, irin IGZO ɗin da tawagar Hideo Hosono ta bayyana a 2004. Amfaninsa shi ne ba ya yoyon lantarki sosai idan an rufe shi, saboda haka kafasita na riƙe cajinsa na tsawon lokaci, allon kuma na iya rage yawan sabunta hoto ya adana batir. Jami'in ya kawo takarda ta farko mai zanen da'irar, ya kawo ta biyu mai cewa okisayid ba ya yoyo, ya ce haɗa su abu ne a fili. Da na zauna na karanta ta farkon duka, sai na ga ashe babban burin masu ita shi ne rage yawan layuka domin ɗigon hoto ya ƙanƙance, kuma don haka suka sa taransistan rubuta bayani da na daidaitawa a kan layin umarni ɗaya. Su biyun nau'in P ne, suna buɗewa idan layin ya sauka ƙasa. Taransistan okisayid kuwa nau'in N ne, yana buɗewa idan layin ya hau sama. Ke nan da za a yi sauyin da jami'in ya faɗa, duk lokacin da ɗaya ya buɗe ɗayan zai rufe, daidaitawar ba za ta yiwu ba sam, sai an ƙara sabon layi, wanda shi ne ainihin abin da takardar take gudu. Ƙa'idar ofishin kanta ta yarda cewa idan sauyin da ake zato zai hana tsohuwar ƙirƙira cika manufarta, to babu dalilin yin sa.

Ba mu rubuta wannan nan take ba. Mun nemi ganawa da jami'in ta bidiyo, muka aika masa shafi ɗaya tun kafin ranar, ɗauke da jadawalin lokaci guda biyu gefe da gefe. Cikin rabin sa'a ya gane, ya kuma faɗa mana kalmar da ke damunsa a da'awarmu. Mun rubuta cewa taransistan yana "haɗe" da wani wuri, shi kuma doka ta ba shi damar fassara kalma da mafi faɗin ma'anar da hankali zai ɗauka bisa bayanin ƙirƙirar, don haka a wurinsa abin da ke haɗe ta hanyar wasu taransistoci biyu ma haɗe yake. Wannan kalma ɗaya ta jawo ƙin amincewa a fannin nan fiye da yadda za ka zata. Muka mayar da ita "haɗe kai tsaye", tunda zanenmu da bayaninmu na asali sun nuna hakan. Ina ganin ganawar nan ita ce abu mafi amfani da masu ƙirƙira ke sakaci da shi. Jami'an da na yi hulɗa da su mutane ne masu ilimin fannin, idan ka zo musu da hujja a natse suna saurare.

Kada in nuna maka gefe ɗaya kawai. Bayan jami'in ya janye hujjar farko ya sake bincike, ya samo wata takarda mai layi na daban ga taransistan okisayid, sai da muka ƙara sharaɗi kan yadda ake wanke cajin abin ba da haske a lokutan da ba a rubuta sabon hoto, sannan aka amince. Abin da ya cece mu shi ne wannan bayani yana cikin takardarmu tun ranar farko. Ba a yarda ka ƙara sabon abu bayan shigarwa, duk gyaran da za ka yi sai ya sami tushe a abin da ka riga ka rubuta.

A wani fayil kuwa mun sha kaye, kuma laifinmu ne. Da'awarmu ta dogara ga kaurin wani shimfiɗi a cikin allon, tsakanin adadi kaza da kaza. Jami'in ya ce neman kauri mafi dacewa gwaji ne na yau da kullum da kowane ma'aikaci zai yi. Hanyar karya wannan ita ce ka nuna cewa a cikin iyakar da ka ware wani abu na ba-zata ke faruwa, kuma Amurka na karɓar sanarwar shaida mai ɗauke da sakamakon gwaji a ƙarƙashin ƙa'ida ta 1.132. Muka koma ɗakin gwaji, sai alƙaluma suka nuna ingancin yana ƙaruwa ne a hankali, babu wani tsalle a bakin iyakar da muka zana. Gaskiya tana wurin jami'in, muka bar fayil ɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya, da mun auna ciki da wajen iyakar kafin mu shigar, da mun san ba a nan ƙirƙirar take ba. Idan taka da'awar ta irin wannan ce, ka duba alƙalumanka da idon gaskiya kafin ka ƙara kashe kuɗi.

Ka yi hattara da ƙuntata da'awa don kawai a amince. Duk abin da ka rubuta wa ofis yana zama a fayil ɗin da kowa zai iya karantawa, kuma tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Festo a 2002 ya tabbata cewa abin da ka sallama ta hanyar gyara da wuya ka dawo ka ce naka ne a gaban kotu. Na ga takardun mallaka da aka cusa wa sharuɗɗa har ya zama mai kwaikwayo zai kauce musu da matsar da waya ɗaya. Ka tambayi kanka ko za a iya gane sharaɗin da kake ƙarawa idan aka buɗe allon abokin gasa aka duba. Tsarin haɗin taransista ana ganinsa da madubin ƙara girma, siginar layi ana iya auna ta, amma matakin sarrafawa da ya ɓace a cikin masana'anta yana da wuyar tabbatarwa. Idan kuma za ka karɓi ƙuntatacciyar da'awa yanzu, ka shigar da buƙatar ci gaba, wato sabuwar buƙata mai riƙe da ranar ta farko, kafin a fitar da takardar mallakar, domin ƙofar neman mai faɗi ta zauna a buɗe.

Idan wasiƙa ta biyu ta zo da sunan ta ƙarshe, sunan kada ya firgita ka. Kana iya biyan kuɗin ci gaba da tantancewa, wanda ake kira RCE, ko ka ɗaukaka ƙara zuwa PTAB, hukumar sauraron ƙara ta ofishin. Ra'ayina shi ne ɗaukaka ƙara ta dace ne idan da'awar ta riga ta zauna yadda kake so, saɓanin kuma na fahimtar takarda ne tsantsa. Idan har akwai gyaran da kake shirin yi, RCE ya fi.

Ba ka faɗi ko ka shigar a wasu ƙasashe ba. Idan ka yi, ka buɗe Global Dossier, shafin intanet da ke nuna fayilolin ofisoshin, ka ga abin da jami'an Japan, Koriya, Sin da Turai suka samo, domin a wannan fanni sukan tono takardun da aka rubuta da harshensu waɗanda wani bai gani ba. Wajibi ne ka miƙa wa ofishin Amurka duk wata takarda mai tasiri da ka sani, ɓoye ta da gangan na iya sa kotu ta hana ka amfani da takardar mallakar gaba ɗaya. Idan kuma jami'in ya dogara da fassarar na'ura ta takardar Japan ko Koriya, ka sa mai jin harshen ya duba sakin layin da ake taƙaddama a kansa, don na taɓa ganin fassara ta juya wane layi ke hawa kafin wane. Ka kuma sani cewa gyaran da ya wuce a Amurka yana iya makalewa a Turai, inda sashe na 123(2) na yarjejeniyar mallakar ƙirƙira ta Turai ya tsananta kan ciro sifa ɗaya daga zane a raba ta da sauran abubuwan da aka bayyana ta tare da su.

Idan kana son mu duba tare, ka faɗa mini sashen da aka ambata, da lambobin takardun uku, da ko jadawalin lokacin da'irarka yana cikin abin da ka shigar tun farko. Amma ka tabbatar an riga an wallafa buƙatarka, wanda yakan faru bayan wata 18 daga ranar farko, kafin ka nuna wa kowa zanenta, kuma duk wani sabon gyara da ka yi wa da'irar bayan shigarwa ka riƙe shi a wurinka har sai ka shigar da shi daban.