Me ya sa garkuwar jiki ke fasa jinin mai ita?

Tambaya: Likita, ina rubutowa daga wani ƙauye kusa da Ringim. Maigidana ya daɗe yana fitsari baƙi kamar ruwan shayi, musamman da asuba, ga kasala, idonsa ya yi rawaya. An yi maganin tsargiya da na maleriya, babu sauƙi. A Kano aka ce ana zargin wata cuta mai suna PNH, wai garkuwar jikinsa ce ke fasa jininsa. Yaya garkuwa za ta cuci mai ita? 'Ya'yanmu za su gada?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba maigida lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damunki: PNH (gajeren sunan Turanci ne na wata cutar fashewar jajayen ƙwayoyin jini) ba a gadonta, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Ku ci abinci tare, ki yi jinyarsa hankali kwance.

A cikin ruwan jinin kowa akwai wani rukunin sinadaran furotin sama da 30 da ake kira komfilimen. Hanta ce ke sarrafa yawancinsu. Wani masani ɗan Beljiyam, Jules Bordet, shi ya gano aikinsu, har aka ba shi kyautar Nobel ta 1919. Idan ƙwayar cuta ta shigo, ɗaya ya ta da na biyu, na biyu ya ta da na uku, har su taru su huda bangon ƙwayar ta fashe. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wani sashe na wannan rukuni ba ya jiran a kira shi. Dare da rana yana aiki kaɗan-kaɗan, yana manne wa duk abin da ya tarar, na waje ne ko na gida.

To me ya hana shi cinye mu? Manomin da zai ƙona sharar gona yakan share gefenta tukuna, don kada wuta ta tsallaka rumbu. Haka jiki ya tanadi wasu furotin masu tsawatarwa. Guda biyu suna zaune a bayan jajayen ƙwayoyin jini: CD55, mai katse aikin tun yana farawa, da CD59, mai hana a huda ƙwayar a matakin ƙarshe.

A PNH, wani canji ne ke aukuwa a ƙwayar halitta mai suna PIGA, a cikin ɓargon da ke ƙera jini. Bayan haihuwa yake faruwa, a ɓargo kaɗai, shi ya sa ba ya wucewa ga 'ya'ya. Jajayen ƙwayoyin da suka fito daga wannan tushe ba su da abin da zai riƙe CD55 da CD59 a jikinsu, sai su fito ba kariya, komfilimen ya farfasa su a cikin jijiya. Jan sinadarin da ke cikinsu ya zube, ƙoda ta tace shi, fitsari ya yi baƙi. Ya fi duhu da asuba ne saboda ya kwana yana taruwa, amma fashewar ba ta tsayawa da rana. Ban ga laifin wanda ya fara zargin tsargiya ba, don ta yi yawa a yankunan fadama da noman rani irin na Haɗeja da Kura. Sai dai jinin tsargiya ja ne, ya fi fitowa a ƙarshen fitsari, kuma ana ganin ƙwayoyin jini da ƙwan tsutsa a gwaji.

Don haka garkuwarsa ba rauni ta yi ba. Ina roƙonku kada ku kashe kuɗin gida kan magungunan "ƙara garkuwa" na kasuwa. Ba inda matsalar take ba ke nan, kuma wasu haɗe-haɗen suna ƙara wa ƙoda nauyi alhali ta riga ta gaji.

Irin wannan rashin tsawatarwa yana da wasu fuskoki. Idan wani furotin mai tsawatarwa da ake kira Fakta H ya gaza, ƙananan jijiyoyin ƙoda ne ke lalacewa. Idan mai tsawatar wa C1, ɗaya daga cikin furotin na komfilimen, ya yi ƙaranci, fuska ko maƙogwaro kan kumbura ba ƙaiƙayi, kuma wannan ana gadonsa.

Tunda zargi ne har yanzu, ku nemi ganin likitan jini a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a yi gwajin na'urar da ke duba ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya ta ga ko suna ɗauke da waɗannan furotin. A duba ƙarancin G6PD (wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini) da sikila ma, don su ma suna fasa jini.

Abin da na fi tsoro a PNH ba baƙin fitsarin ba ne, daskarewar jini ce a jijiyoyin hanta, ciki ko ƙwaƙwalwa. Ciwon ciki mai tsanani, ciwon kai da bai saba ba, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, duk na gaggawa ne, kada a jira ranar kasuwa. Zazzaɓi ma yana tsananta fashewar, don haka ya kwana cikin gidan sauro, kuma a gwada shi da wuri in jikinsa ya yi zafi.

Ana tallafa wa mai PNH da ƙarin jini, folik asid, maganin ƙarfe idan gwaji ya nuna ya ragu, wani lokaci da maganin hana daskarewa. Akwai allurar ekulizumab da Amurka ta amince da ita a 2007, mai toshe furotin C5 na komfilimen don kada a kai ga huda ƙwayar jini, amma tana cikin magunguna mafi tsada a duniya. Dashen ɓargo ne kaɗai ke iya kawar da cutar, shi ma da haɗarinsa. Idan Allah Ya hore muku allurar, lallai a yi masa rigakafin sanƙarau aƙalla mako biyu kafin a fara, domin matakin da take toshewa shi ne ke kashe ƙwayar sanƙarau, ga shi Jigawa na cikin yankin da cutar ke ɓarkewa da zafin bazara.