Kan sarki mai hoton Ka'aba: amsa ga ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka tarar da tsofaffin ambulan a akwatin takardu, wasu da kan sarki mai hoton Ka'aba, wasu masallacin Madina, ɗaya kuma da rubutun Larabci da kake zaton aya ce. Kana tambaya ko a haɗa su da shara, ko kuwa sai da alwala ake taɓa su. Na yi murmushi da na ga har kana tambayar dalilin da ya sa ake ce masa kan sarki. Amma raina bai kwanta ba da na ga maganar shara ta zo maka a baki da sauƙi haka.

Sunan dai daga asalin abin ya fito. Na farko a duniya a Ingila aka buga shi a 1840, baƙi ne, na kwabo ɗaya, da kan Sarauniya Biktoriya, sarakunan da suka gaje ta kuma suka ci gaba da sa nasu. To ka lura da irin rayuwar wannan 'yar takarda: a lashi bayanta, a buga mata tambari a fuska a gidan waya, a cusa ta a buhu, a ƙarshe a yage ambulan. Wannan ya dami masu mulki tun da wuri. A tsibirin Sisili, a 1859, sai da aka ƙera tambari mai rami a tsakiya, don tawada ta kewaye fuskar Sarki Fadinan na biyu ba tare da ta ɓata ta ba. Idan an yi wa fuskar ɗan Adam wannan kara, ina ga sunan Allah?

Manyanmu kan ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma da wannan suke hana mu rubuta aya a takardar da za ta bar hannunmu. A zamanin ƙuruciyarmu dattijo ba ya tsallake takarda mai rubutun Larabci a hanya. Zai sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar, ya aje ta a wuri mai tudu, ko da bai duba abin da ke ciki ba. Yau kuwa ana buga bisimilla cikakkiya a katin gayyata da kalanda da takardar talla, gari na wayewa ka gan su a kwata. Wannan ya fi damuna a kan kan sarkin da ke hannunka.

Bari in ba ka labarin waɗanda suka yi aikin nan da hankali. A 1916 Sharif Husaini na Makka ya balle daga Daular Usmaniyya, ya zamana Hijaz na bukatar kan sarkinta. A Alƙahira aka buga, a ma'aikatar safiyo ta Masar. Ba a sa fuskar kowa ba. Sai aka koma ga ayyukan magabata aka kwaikwayo adonsu. Na rubu'in kirshi (sunan kuɗinsu ke nan), kore, an ɗauko zanensa daga sassaƙar ƙofar masallacin Salihu Ɗala'i'u. Na rabin kirshi, ja, daga adon shafin wani Alƙur'ani na masallacin Sarki Barƙuƙ. Na kirshi ɗaya, shuɗi, daga wani tsohon mihirabi na masallacin Amri da ke garin Ƙus. A tsakiya aka rubuta Makkatul Mukarrama, da shekarar 1334 ta Hijira. Duba da kyau abin da suka yi da na jan nan: adon shafin suka ɗauka, suka bar ayoyin a inda suke. Duk wanda ya kalle shi zai ji ƙamshin addini, amma ma'aikacin gidan waya zai buga tambarinsa zuciyarsa a sake. Turkawan ma da suka fara nasu a 1863, tambarin sa hannun Sarki Abdul'aziz suka sa a bisa jinjirin wata.

A Sudan kuwa matsalar ba a fuska ta ɓullo ba. Kan sarkinsu mai ɗan aike bisa raƙumi, na 1898, yana da wata alama a cikin jikin takardar, wadda ba a ganinta sai an ɗaga wa haske. Fure ne mai kunnuwa huɗu, amma jama'a suka ga ya yi kama da gicciye, kuma shi za su kai bakinsu. A 1902 aka sauya takardar da mai tauraro da jinjirin wata. In kana son ganin irin wannan alama, kifa kan sarkin a kan baƙin faranti ka duba ta gefen haske.

Kada ka ɗauka Musulmi kaɗai ke wannan tunani. Fotugal ta buga addu'a da Latin a bayan kan sarkinta na 1895. Beljiyam a da, daga 1893, ta riƙa haɗa wani ɗan guntu a ƙasan nata mai cewa kada a kai wasiƙar ranar Lahadi, wanda bai damu ba sai ya yage guntun. Amurka ta fitar da na Idi a 2001, rubutun zinariya a kan shuɗi, kuma Idi Mubarak aka rubuta da Larabci, gaisuwar salla.

Saboda haka kafin ka ce aya ce, karanta. Galibin Larabcin da ke kan sarki sunan ƙasa ne, da kalmar barid, wato gidan waya, da kuɗinsa. Akwai dai ƙasashen da suka sa aya ko bisimilla ko kalmar shahada, to waɗannan ka ware su daban.

Ambulan da ya tsufa, tambarinsa ya fito sarai da sunan gari da kwanan wata, kada ka cire masa komai, ya fi daraja a cikakkensa. Wanda ya riga ya yage, sa almakashi ka yanko kan sarkin da takardarsa, ka bar tazarar faɗin yatsa a kowane gefe don kada ka ci haƙoransa. Zuba ruwa mai ɗumi kaɗan a kwano mai tsabta, ba mai zafi ba, ka saka kamar guda goma a lokaci ɗaya. Cikin minti 10 zuwa 15 danƙon zai saki, su rabu da kansu. Sannu ba ta hana zuwa, in ka ja da ƙarfi bayan zai kwailaye ya bar tabo. Na jan ambulan ko kore jiƙa su su kaɗai, domin rininsu na zuba ya ɓata sauran. Ɗauraye a sabon ruwa, kifa su a kan farar takarda mai shan ruwa, in sun sha iska ka danne su cikin littafi mai nauyi kwana guda. Irin na yanzu masu manne kansu yawanci ba sa sakuwa a ruwa, bar su da takardarsu. Kada ka kusance su da salatif ko gam, kada ka aje su inda laima take, kuma da ɗan hantsaki mai faɗin baki ake ɗaukarsu, don maiƙon yatsa na barin tabo.

Wanda ya lalace, ga sunan Allah a jikinsa, ƙona shi a wuri mai tsarki har ya zama toka, ka binne tokar inda ba a takawa. Sayyidina Usmanu ma da ya tara mutane a kan mus'hafi ɗaya, ƙona sauran ya sa aka yi. Ruwan da ka jiƙa masu aya a ciki, zuba shi a gindin bishiya, ba a makwarara ba. Zancen alwala kuwa ka kai wa malaminka, ka tafi masa da kan sarkin a hannu ya gani da idonsa. Mai rubutun Larabcin nan ka ɗauko min hotonsa gaba da baya, da tambarin da ke kansa, ka turo.