Agogon hannu zai iya gano bawul ɗin zuciya da ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Ƙauran Namoda nake. Mahaifiyata na yawan haki, ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta huta, ga kumburin ƙafa. Na saya mata agogon zamani mai auna bugun zuciya, yana nuna 78, mai shagon ya ce lafiyarta ƙalau ke nan. Wai har bawul ɗin zuciya yake dubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Mai shago dai kayansa yake tallatawa.

Juya agogon, za ka ga koren haske yana ƙyaftawa. Hasken na shiga fata, jini ya shanye wani sashe, sauran ya dawo. Duk bugu ɗaya jini kan ƙaru a jijiya, hasken da ke dawowa ya ragu, da haka agogon ke ƙirge. Bugu 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai ga babba yana zaune, sai dai ƙirge kawai ke nan. Zuciya na da bawul huɗu, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, ɗaya zai iya ƙuntata ko ya riƙa yoyo alhali lissafin na nan a 78.

Zancen da ka ji yana da tushe, ba a yawan bugun ba, a siffarsa. Idan bawul ɗin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ya ƙuntata, bugun kan zo da rauni, a hankali, kamar ruwan famfon da bututunsa ya toshe. Idan yoyo yake, sai bugun ya doki yatsa da ƙarfi ya faɗi nan take. Likitan Ayaland, Dominic Corrigan, ya bayyana wannan tun 1832. Yanzu masu bincike na koya wa kwamfuta karanta wannan siffa daga hasken agogo. Aikin na da alamun nasara, amma bai sauko kasuwar waya ba.

Manyan agoguna, kamar Apple Watch tun 2018, suna iya gano bugun da ya rikice. Wannan kan biyo bayan lalacewar bawul ɗin mitral na ɓangaren hagu na zuciya, wadda a wajenmu sau da yawa asalinta ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi wa magani ba. Masu arahar kuwa, wasu ko a kan teburi ka ajiye su sai su ba ka lamba.

Haki da kumburin ƙafa sun isa dalili. Ka kai ta babban asibiti, kamar FMC Gusau, cikin makon nan. Likita zai saurari ƙirjinta, in ya ji ƙarar da ba daidai ba ya tura ku hoton zuciya na eko, wanda ke nuna bawul ɗin yana buɗewa da rufewa. Ba allura, ba yanka. Ka tafi da duk magungunan da take sha, har na gargajiya.