Fim ɗina ya cije, abokai sun ce in nemi "taimako"

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Tawa. Wata bakwai ke nan ina haɗa gajeren fim da kuɗin aljihuna kan wani tsohon mawaƙin unguwarmu, yadda waƙa take zo masa. Senariyo, wato rubutun labarin fim ɗin, ya cije, kaina ya toshe. A fada, wato majalisar abokai, an ce duk mai fasaha da taimako yake aiki, ko tiramol ko na boka. Tsorona kada dai ba ni da baiwar.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Kana son kamara ta ɗauki abin da ido ba ya gani, shi ya sa ka tsaya. Ajiye takardar, ka koma wurin tsohon. Ɗauke shi yana maimaita ɗango ɗaya sau goma, yana jefar da kalma don ta karya masa kari, 'yan amshi na gyara masa. Abin da za ka haɗa a montaj, wato lokacin yanka da jera hotunan, ke nan.

Maganar "taimako" kuwa ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Wa ya ce muku basira a cikin ƙwaya take? Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, yana kama jiki har mutum ya kasa bari, in ya yi yawa yana kada mutum kamar mai farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Abin da yake yi wa mai rubutu ya ma fi ban haushi: da dare ka ga kamar ka zuba hikima, da safe ka karanta ka tarar da shirme. Na ga yaro mai hannun kamara ya sayar da kamarar saboda ƙwaya. Boka kuma, in da yana da sirrin waƙa, ai da shi ake kira wajen biki.

A garinku marigayi Moustapha Alassane, mai shirya fim, ya zauna. Makanike ne, da wasan inuwa ya fara, yana zana hotunansa ɗaya bayan ɗaya har su motsa. Oumarou Ganda, shi ma mai shirya fim, dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Abijan kafin ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Wace ƙwaya ce ta yi musu wannan?

In har ka riga ka fara sha, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai, je asibiti a rage maka a hankali. Sannan ka nemi izinin tsohon a rubuce kafin ka kunna kamara, don waƙar tasa ce.