Sake kunna saba mai tagwayen ma'aji ba tare da asarar bayanai ba

Ɗan'uwa, ka ce kuna da sabobi biyu, wato kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da ayyuka, a ofishinku da ke Samaru, manhajar DRBD na kwafe bayanai tsakaninsu, manhajar Pacemaker kuma na mayar da aiki kan ɗaya idan ɗayar ta faɗi, kana so ka sake kunna babbar, wato wadda ke riƙe da aikin yanzu, bayan sabunta manhaja.

Kada ka yi gaggawar kashe ta. Fara buga umarnin drbdadm status. Sai ka ga UpToDate, alamar kwafin ya kammala, a ɓangarorin biyu tukuna. In ka ga Inconsistent, kwafin bai kammala ba, ka jira ko da zai kai la'asar, domin na'urar da ke riƙe da rabin bayanai ba za ta karɓi aiki ba.

Daga nan sai pcs node standby da sunan babbar. Pacemaker zai kwashe ayyukan zuwa ta biyun cikin tsari. Ka duba da pcs status cewa sun tashi can, sannan ka sake kunna ta.

Da ta dawo, buga pcs node unstandby. DRBD zai kwafo abin da ya canza kawai. Kada ka taɓa ta biyun sai UpToDate ya sake bayyana.

Abin da ya fi damuna shi ne wutar Zariya. Ka yi aikin yayin da janareta ke kunne, batirin UPS a cike, har da na suwic ɗin da ke haɗa su. In layin da ke tsakaninsu ya yanke, kowace na iya ɗaukar kanta babba, bayanan su rabu biyu. Shi ya sa ban yarda a kashe STONITH ba, wato tsarin da ke kashe ɗaya daga cikinsu da ƙarfi in sun daina jin juna, ko na awa ɗaya.