Likita, Kan Ɗana Yana Ta Girma

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan wata huɗu ne, kansa yana girma fiye da kima. An yi masa hoton ƙwaƙwalwa, aka ce akwai jakar ruwa ta wajen ƙeyarsa, wai Dandy-Walker. Kakarsa ta ce a kai shi wurin wanzami. Me za mu yi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba shi lafiya. Don Allah kada a kai shi wurin wanzami. Ruwan yana can cikin ƙoƙon kai, tsaga ko sakiya ba za su kai gare shi ba, sai dai su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Da wannan larurar ake haihuwar yaro, ba laifinki ba ne. Tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, mai kula da daidaiton zama da tafiya, ita ce ba ta gama ginuwa ba tun yana ciki, sai na huɗu cikin ɗakunan ruwa da ke cikin ƙwaƙwalwa ya kumbura ya zama jaka. Ƙwaƙwalwa kullum samar da ruwa take yi. Idan hanyarsa ta toshe sai ya taru, kai ya yi ta girma.

Ki samu tef na tela, ki riƙa auna kansa duk mako: daga saman gira, ki zagayo ta tudun ƙeya, ki rubuta. A watanninsa, ƙarin da ake sa rai kusan santimita 1 ne a wata. Idan ya zarce haka, ko maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ko yana amai, ko ƙwayar idonsa ta koma kallon ƙasa, ko ya ƙi nono yana ta barci, a tafi asibiti ranar.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa za ku gani. Akwai su a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya. Yawanci siririn bututu ake sakawa ƙarƙashin fata, ya kwashe ruwan daga kai zuwa cikin ciki. Bututun kan toshe, kuma kan kamu da cuta, musamman a watannin farko, shi ya sa zazzaɓi ko dawowar amai bayan aiki ba abin jira ba ne. A duba zuciyarsa ma, domin larurar kan zo tare da matsalar zuciya. In zama ko rarrafe ya yi jinkiri, a fara kai shi sashen gashin ƙashi, inda ake motsa gaɓoɓi, da wuri.