Na iya tuƙa mota, me ya kamata in sani kafin in hau tarakta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoma ta sayi tarakta na hannu, Massey Ferguson 375, kuma ni aka ɗora wa tuƙa ta saboda na daɗe ina tuƙa mota. Gonakinmu akwai na tudu, akwai na fadama. Me ya kamata in kiyaye kafin damina ta kankama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Iya tuƙa mota zai taimake ka da sitiyari da giya, amma tarakta wata halitta ce daban. Tana da tsawo, nauyinta yana sama, ƙarfinta yawanci yana tayoyin baya. Abin da ya fi kashe direbobinta shi ne kifewa, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Kifewar da ta fi ban tsoro ita ce ta baya. Idan tayoyin baya suka maƙale suka kasa juyawa, injin ba ya haƙura, sai ya ɗaga gaban taraktar sama ta juyo ta danne wanda ke kujera. Duka abin bai wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba, kuma kafin cikar daƙiƙa ɗaya ta riga ta wuce inda za a ceto ta. Ƙafarka ba za ta kai kan kuloci ba. Wannan ya fi faruwa idan an ɗaura sarƙa a sama: a jikin gatarin tayoyin baya, ko a hannun nan na sama da ke riƙe garma, don a tumɓuke kututture ko a jawo motar da ta kafe. Duk abin da za ka ja, ɗaura shi a ƙarfen ja da ke can ƙasa, wanda aka yi don haka, ka saki kuloci a hankali da ƙaramar giya. Idan kai ne ka kafe a laka ta fadama, ɗaga garma ka fita da ribas. Kada ka yarda a ɗaura maka gungume a jikin taya don ta samu abin kamawa. Dabarar ta shahara, kuma ta kifar da mutane da yawa. In ribas ya ƙi, a nemo wata taraktar ta ja ka.

Kifewar gefe kuwa, gudu ne da gangara ke kawo ta. Idan ka ninka gudunka sau biyu a kwana, ƙarfin da ke tura ka gefe ya ninku sau huɗu. Kada ka ratsa gangara mai tsauri ta gefe, hau ko sauka kai tsaye. Bakin rafi, kwalbati da magudanar ruwan noman rani, ka ba su tazarar da ta kai zurfinsu aƙalla, domin ƙasar bakin tana zabtarewa bayan ruwa.

Duba ƙarƙashin ƙafarka ta dama, za ka ga birki biyu, na hagu da na dama. A gona ana raba su don juyawa a ƙarshen kunya. Da zarar za ka hau titi, haɗa su da makullinsu. In ka taka guda ɗaya kana gudu, taraktar za ta wulwula nan take. Haka nan kada ka taɓa sa firi ko ka danne kuloci a gangara, balle da tirela cike da buhunan masara a bayanka. Giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka.

Yawancin taraktocin hannu suna zuwa ba su da ƙarfen kariya da ke kewaye kujera. In taku tana da shi, kada a cire don wai yana kama rassan bishiya, kuma ka ɗaura bel. In babu, a nemi na ainihi a ɗaura. Rumfar inuwa da mai walda ya haɗa da bututu ba za ta ɗauki nauyin tarakta ba.

Sai sandar da ke juyawa a baya, wadda ke tuƙa injin casa ko na feshi. Tana juyi 540 a minti, wato tara a daƙiƙa guda. Bakin jallabiya, hannun babbar riga ko jelar rawani in ta kama, kafin mutum ya yi ihu ta naɗe shi. Sa kaya masu kama jiki, ka tabbata murfinta yana kanta, kada kowa ya tsallake ta tana juyawa. In ciyawa ta cushe, kashe injin, zare makulli ka sa a aljihu, ka jira ta tsaya cak kafin ka kai hannu.

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: makulli ya lalace, sai a tsaya a ƙasa a haɗa wayoyin kik da sukurudireba. In tana cikin giya, za ta tashi ta bi ta kan mai kunnawa, domin yana tsaye daidai gaban tayar baya. A gyara makullin. Kunna ta kana zaune a kujera, giya a firi, birkin hannu a ja.

Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya ne. Yaran gari za su roƙe ka su hau kan murfin taya ko ƙarfen ja, ka daure ka hana su, ko ɗan wa ne. Rami ɗaya ya isa ya jefa yaro ƙarƙashin taya ko faifan haro.

Kowace safiya duba baƙin mai, ruwan lagireto, iskar taya da notocinta. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi. In kana zargin bututun haidirolik yana yoyo, kanga kwali ka gani, kada ka shafa da hannu: man yana fita da ƙarfin da ke huda fata, ramin kamar na allura, amma yana iya jawo yanke yatsa in ba a kai asibiti cikin sa'o'i kaɗan ba. In ka tashi aiki, sauke garma har ƙasa kafin ka sauko, kuma kada ka shiga ƙarƙashinta tana ɗage sai an tokare ta da ƙarfe ko gungume mai ƙwari.

Kafin ranar farko a gona, samu tsohon direban tarakta ya tsaya a gefe, ka yi kwana biyu kana juyi da ribas a shimfiɗaɗɗen fili, da garma a ɗaure, domin nauyinta yana sauƙaƙa gaban taraktar har sitiyari ya riƙa yi maka wasa.